Tambaya da Amsa: Kan Mazon da Gashinsa Ya Saɓule

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni manomi ne, da rani ina ɗan taɓa farauta kamar yadda na taras mahaifina yana yi. Bara na harbi wani namijin mazo a fadamar bayan gonarmu, ƙahonsa ya murɗe gwanin sha'awa. Na taɓa ganin kan dabba a maƙale a bangon wani otal a Jos, kai ka ce mai rai ne, sai na ce ni ma zan yi irinsa na rataye a zaurena. Na ɗaure shi a bayan babur na kawo gida, muka feɗe bayan isha'i, na sa kan da fatar wuyan a buhun leda. Washegari da hantsi na zuba gishiri na shanya a kan rufin kwano. Kwana uku, in ka shafa sai gashin ya biyo hannunka. Ina kuskurena yake, kuma yaya zan yi nan gaba? Daga wani mai karatu a ƙasar Ningi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Ba zan ɓoye maka ba, fatar nan ta lalace tun kafin gishirin ya taɓa ta. Bayan babur, jiran dare, buhun leda, rufin kwano: kowane ɗaya daga cikin huɗun nan ya isa ya kashe fata, kai kuwa ka haɗa mata su duka.

Gashin dabba a cikin fata yake kafe, amma saiwarsa a haɗe take da wani siririn ɓawo na sama-sama. Da rai ya fita, ƙwayoyin da ke ruɓar da nama sukan fara cin saiwar gashin, kuma ba abin da suke so kamar ɗumi da laima da jini. A bazarar ƙasarku, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sa'o'i kaɗan sun ishe su. Leda kuwa tana riƙe zafin jikin dabbar da gumin fatar, ta zama musu ɗakin kwana. In gashi ya fara saɓulewa an gama. Na shekara da shekaru a kan aikin nan, ban taɓa ganin maganin da ya mayar da shi ba.

Abin da ka gani a Jos, Turawa suna kiran sana'arsa taksidami, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin jerawa da fata. Mutanenmu da yawa sun ɗauka allura ake yi wa dabbar ta sandare, ko a cusa mata auduga. A'a. Fata da ƙaho kawai ake ɗauka a jikinta. Sai a sassaƙa gangar jiki daidai girmanta, da can da katako da waya da ciyawa, yanzu da wani irin soso mai tauri, a sa idon gilashi, a tufatar da fatar a kai kamar riga. Wani Ba'amurke, Carl Akeley, wanda ya rasu a Kwango a 1926, shi ya yi fice wajen fara gina jikin dabbar da tsokarta da jijiyoyinta kafin a sa fata. To tunda riga ce, ka ga aikinka na maharbi shi ne ka kawo yadin ba yagewa, ba ƙwange, da awon mai rigar. Ni a wajen wani dattijo na koya, a ɗakin aikin wani gidan adana kayan tarihi, kuma mafi yawan fatun da ake kawo mana a daji suka riga suka ɓaci. Da mun buɗe buhu, hanci ke ba mu labari.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka fita, jakarka ta ƙunshi ƙaramar wuƙa mai kaifi, reza sabuwa guda uku ko huɗu, sukudireba mai faɗin baki, tef irin na tela, buhun algarara, gorar ruwa, da gishiri mai laushi aƙalla mudu biyu. Wayarka ma kayan aiki ce.

Mu fara da yanka, domin nan ne mu Musulmi muke shan bamban da abin da littattafan Turawa ke faɗi. Su cewa suke kada wuƙa ta kusanci maƙogwaro sam. Mu kuwa in ka taras da dabbar da sauran rai, dole ka yanka kafin namanta ya halatta, ba za ka bar halas saboda ado ba. Abin da zan ce maka shi ne ka wasa wuƙar sosai, ka yanka daidai wurin yanka, tsaga ɗaya miƙaƙƙiya, kada ka yi ta gurzawa kana kai da komo, kada kuma ka zarce har kusa da kunnuwa. Tsaga mai tsabta tana ɗinkuwa, gashi ya rufe ɗinkin. Wadda aka yi wa gatsa-gatsa ita ce ba ta ɓoyuwa. Sai ka juya kan ya kalli gangare don jinin ya bi ƙasa, abin da ya taɓa gashi ka wanke nan take da ruwan sanyi. Jini in ya bushe a kan farin ɗigon nan na wuyan mazo, fitarsa sai an sha wuya.

Daga nan ka kai shi inuwa, amma ɗauka za ku yi, ba ja ba. Jan dabba a ƙasa yana aske gashin kafaɗa, igiya a wuya kuma tana barin zobe. A bayan babur, ga igiyar roba tana gurza, ga zafin salansa, ga rana. In dai ado kake so, a inda ya faɗi za ka feɗe.

Kafin wuƙa ta shiga, ka ɗauki hoton fuskar ta gaba da ta gefe, da hanci da ido kurkusa. Ka auna daga tsinin hanci zuwa kusurwar ido, ka auna kaurin wuya a bayan kunne da kuma tsakiyar wuya, ka rubuta. Fata tana miƙewa tana tsukewa, mai haɗa gangar jikin ba shi da wata hanyar sanin ainihin girman dabbar in ba da wannan awon ba.

Yanzu fiɗar kanta, ka karanta a hankali, domin hannunka ya saba da fiɗar mahauta kuma zai so ya koma can. Mahauci yana tsagawa daga maƙogwaro ya bi ƙirji har ƙasa, ya datse kai a wuya. Kai ba haka za ka yi ba. Ka zagaye jikin da wuƙa a bayan ƙafafun gaba, ka bar tazarar taƙi guda ko fiye a bayan hammata. Ka zagaye kowace ƙafar gaba a saman gwiwa, ka tsaga ta bayan ƙafar har ka haɗu da zagayen farko. Sannan ka tsaga ta doro, ka bi tsakiyar ƙeya har kusa da ƙaho, inda tsagar za ta rabu biyu, kowane reshe ya nufi gindin ƙaho ɗaya. Bakin wuƙar ya kalli sama, kana yanka daga ciki zuwa waje, don kada ka daddatse gashi. Ƙirji da gaban wuya kada a taɓa su, su ne za su fuskanci duk wanda ya shigo zauren.

Ka bar fata da yawa. Wadda ta yi yawa almakashi ya ishe ta, wadda ta gaza kuwa ba a ƙara ta. Akwai wasu zakuna biyu da suka addabi ma'aikatan gadar jirgin ƙasa a kogin Tsavo na ƙasar Kenya a 1898, har wani hafsan Ingila mai suna Patterson ya harbe su. Ya mai da fatunsu shimfiɗar ɗaki kimanin shekara 25, sannan a 1924 ya sayar wa gidan tarihi na Field da ke birnin Shikago a kan dala 5,000. Suna nan a tsaye har yau, amma sun fi yadda suke da rai ƙanƙanta, saboda an riga an rage gefen fatun lokacin da aka yi shimfiɗa da su. In ƙwararrun can ba su iya ƙaro fata ba, ni da kai ba za mu iya ba.

Fuska ita ce wurin haƙuri. In kana da wanda za ka kai wa cikin sa'a biyu ko uku, ka feɗe zuwa ƙeya, ka cire kan a gaɓar wuya, ka kai masa da fatar fuskar a jiki, cikin buhun algarara, da ƙanƙara a gefe wadda ruwanta ba ya taɓa fatar. In babu, zauna ka yi da kanka. Kunne ka yanke guringuntsinsa dab da ƙoƙon kai. Gindin ƙaho ba wuƙa ake sa masa ba, da sukudireba ake ɓanɓare fatar a zagaye. In ka zo ido, ka zura yatsanka ta waje cikin kwarmin idon ka ɗaga fatar, ka yanka a jikin ƙashi, yatsan zai gaya maka inda reza take, ka fito da fatar ido da gashinta cif. A baki, ka yanka dab da dasashi, ka bar cikin leɓe gaba ɗaya a jikin fatar, haka ma guringuntsin hanci.

In gada ce ka samu maimakon mazo, akwai wani tarko. Tana da wata tsaga baƙa a ƙasan kowane ido, mai fitar da maiƙo, kuma fatar wurin ta nutse cikin ramin ƙashi. Gadar farko da aka ba ni, na ja fatar da ƙarfi na huda wurin. Maigidana bai ce mini uffan ba, ya miƙo mini allura da zare ya koma kan tabarmarsa. Tun daga azahar nake ɗinkin ramin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba har aka kira magariba, yana warwarewa ina sakewa.

Fata ta fita, amma da saura kafin gishiri. Gishiri ba ya ratsa kitse, ba ya ratsa tsoka mai kauri. Ka shimfiɗa ta a kan gwiwarka ko a kan turmi da aka kifa, ka kankare duk wani nama da kitse. Ka tsaga leɓɓan ta ciki su buɗe kamar littafi. Ka juya kunnuwan ciki ya koma waje kamar safa, kana raba fatar bayan kunne da guringuntsi da ɗan yatsa ko bayan cokali, har kusa da tsini. Masu farawa sukan tsallake wannan, shi ya sa kunne da leɓe ke fara wari alhali sauran fatar lafiya lau.

Sai gishiri, kuma ba barbaɗawa ake yi ba kamar za a gasa tsire. Ka zuba kimanin nauyin fatar, ka cuɗa shi da hannu ta ɓangaren nama, ka tura shi kowane lungu: kunne, hanci, fatar ido, bakin kowace tsaga. Ka ninke nama ya haɗu da nama, ka ɗora a kan allo mai gangare a inuwa, ruwa ya tsane. Bayan kwana ɗaya ka kakkaɓe jiƙaƙƙen gishirin ka zubar, ka sa sabo. Bayan wani kwanan ka rataye a rumfa ko a zaure inda iska ke ratsawa. Da hunturu iskar kanta za ta yi maka rabin aikin. Kafin ta bushe ƙarau ka naɗe ta gashi a ciki, don in ta sandare ka lanƙwasa, karyewa za ta yi. Rana da wuta suna dafa fata, maiƙonta ya narke cikinta, ta ƙi jiƙuwa har abada. Kanwa da toka kuwa kada su kusance ta, da gishirin lasar dabbobi wanda sau da yawa akwai kanwa a cikinsa. Ai da toka da farar ƙasa majema ke tuje gashin fata da gangan.

Shi ya sa in za ka kai wa majemi, ka yi masa bayani dalla-dalla. Majemanmu gwanaye ne, jan fatar Kano da Sakkwato ta yi suna har Turai tun ƙarnoni da suka wuce, amma yawancin aikinsu na fata marar gashi ne. Ka ce masa jimar buzu kake so, gashi ya zauna. Bagaruwa tana rina fata ta yi ja-ja, tana kuma iya dusashe farin gashi, don haka mu da alif muke yi, wanda wasu ke ce wa alam, na sa wa ruwa ya kwanta, a haɗa da gishiri.

Ƙahon kuma, ka sa zarto ka yanke ƙoƙon kai ta saitin idanu, ƙahonin biyu su zauna a kan ƙashi ɗaya. Ka kwashe ƙwaƙwalwar. Ka dafa ƙashin a ruwa mai ɗan tafasa, ba tare da ƙahon ya nutse ba. Ƙahon mazo kube ne a kan wani ƙashi, bayan kwanaki in ka murɗa zai zare. Ka wanke cikinsa da ƙashin, ka bari su bushe, sannan a mayar. Wanda bai yi haka ba, zaurensa zai yi ta ɗoyi ya rasa daga ina, ƙwaron nan mai cin busasshen kifi kuma ya samu gida, daga ƙahon ya gangara fata.

TAMBAYA: Baba, ni zabuwar daji nake son a tsayar mini don ɗalibaina su gani, ina koyar da kimiyya a makarantar firamare. Wani maharbi ya yi alkawarin kawo mini. Me zan gaya masa? Daga wata malama a Zariya.

AMSA: Madalla da wannan tunani, Malama. Ki gaya masa abu uku: kada ya fige, kada ya farke ciki, kada ya riƙo ta a wuya ko ya cusa ta cikin jaka tare da sauran abin da ya harbo. A ƙafa ake riƙe tsuntsu. Ya zaɓo wadda harsashi bai yi wa kaca-kaca ba. Ya tura ɗan auduga a bakinta da wurin yankan don kada jini ya ɓata gashin, abin da ya zuba kuma a barbaɗa masa garin masara ya tsotse, sannan a kakkaɓe. Ya kwantar da fukafukan yadda suke, ya zura ta da kai cikin tsohuwar safa doguwa ko takarda da aka naɗe kamar mazurari, gashin zai kwanta bai karye ba.

Ki ɗauki hoton kanta da zarar ta iso. Shuɗi-shuɗin fuskar zabuwa da jan leɓatunta ba sa daɗewa bayan ta mutu, daga baya da fenti ake mayar da su, kuma hoton nan shi ne madogara.

In ba ranar za a yi aikin ba, ki sa a firiza, cikin leda a wannan karon, bayan jikin ya huce. Amma ki duba halin wutar unguwarku tukuna. Daskarewa da narkewa da sake daskarewa ya fi rashin firizar muni. Na taɓa asarar dinya biyu da wata fakara haka, na yi tafiyar kwana huɗu, aka ɗauke wuta a bayana. Fatar tsuntsu siririya ce kamar takardar sigari, ba a yi mata jima irin ta dabba, hodar boras, wata farar hoda mai hana ƙwari, ake shafa mata ta ciki bayan an kankare kitsen. A da sabulu mai gubar arsanik ake sa wa, saboda haka in kin ga tsofaffin tsuntsaye a ɗakin kimiyyar wata tsohuwar makaranta, kada ki bar yara su shafa su.

TAMBAYA: Na tsinci mushen wata dabba a daji, fatarta ba ta ɓaci ba. Zan iya feɗewa na ajiye? Kuma ko hukuma tana da magana a kan irin wannan? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Ka bar ta inda ka gan ta, ɗan'uwa. Dabbar da ba ka san abin da ya kashe ta ba, ba a sa mata wuƙa. Cutar antaraks, wadda makiyaya ke kira saifa, ta fata da jini take kama mutum, ƙwayarta kuma tana shekaru a busasshiyar fata da cikin ƙasa ba ta mutu ba. A watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja. Alamarta a mushe ita ce baƙin jini marar daskarewa yana fita ta hanci da baki da dubura. Dila da yanyawa kuma suna ɗaukar haukan kare. Ko dabbar da ka harba da hannunka, in kana da rauni a yatsa ka sa safar hannu.

Hukuma kuwa tana da magana, babba ma. A Nijar akwai dokar farauta da kare namun daji ta 1998, kuma jami'an gandun daji ke ba da takardar izini. A Najeriya akwai dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 wadda jihohi suka gada, da dokar tarayya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016. Ƙasashen biyu duka suna cikin yarjejeniyar CITES ta 1973 kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, don haka tsallaka iyaka da fata ko ƙahon dabbar da aka kare ba tare da takarda ba, laifi ne, ko da tsinta ka yi, domin jami'i ba shi da hanyar bambance tsintacciya da harbabbiya. Zaki da damisa da giwa da raƙumin dawa ba abin taɓawa ba ne. Zakunan da suka rage a Najeriya sai a Yankari da Kainji, raƙuman dawan yankinmu kuma sai waɗanda ke ƙasarku, yawancinsu a wajen Kure. Ni kaina duk wanda ya kawo mini barewa ina mayar masa da abarsa, don na ga yadda ta ƙare a dazukan da na sani da ƙuruciya. Wannan ya shafi mai tambayar farko ma: kafin rani ya zagayo, ya leƙa ofishin gandun daji na jiharsa ya ji matsayin mazo da lokacin da aka yarda a yi farautarsa.

Ta fuskar addini kuma malamai sun yi saɓani, a kan fatar mushe bayan jima da kuma a kan ajiye tsayayyar dabba a gida don ado. Wannan ba fagena ba ne, ka kai wa malamin unguwarku. In ka koma wurin mushen ka ga alamun da na faɗa, kada ka ja shi, kada ka bar karnuka su ci, ka sanar da malamin dabbobi mafi kusa.